Wuni guda a tsibirin da ba kowa, gefen Dakar

Ban daɗe da dawowa daga Senegal ba, har yanzu idan na kwanta sai in ji kamar kwale-kwale na lilo da ni. Ziyara ce ta kai mu Madina Baye a Kaulaha, inda Shehu Ibrahim Inyass yake kwance, ni da Kawu da ƙanena. Da muka kammala, Kawu ya ce tunda mun riga mun kashe kuɗin jirgi, bai ga dalilin da za mu koma Zariya ba mu sha iskar teku ba. Sai muka gangara Dakar hutu.

Tun daren da muka sauka Allah ya haɗa mu da mutumin kirki. Muna tsaye wajen wani mai nama a unguwar Medina, muna lissafin sefa da Hausa, sai ya ajiye wuƙa ya ce, “Bayin Allah, daga ina?” Muka ce Zazzau. Ya yi dariya ya ce, “A'a, Zage-zagi ne a Dakar! Sannunku da hanya.” Ashe mutumin Maraɗi ne, ya shekara da shekaru a garin. Ya ƙi karɓar ko sisi, washegari kuma ya kai mu gidansa, maiɗakinsa ta yi mana shinkafa da kifi irin tasu, cebu jen, a faranti ɗaya babba, ga kabeji ga rogo ga gauta a sama. Ana ta shayi ne ya ce da Kawu, “Alhaji, kowa ya zo tsibirin Gore yake zuwa ya ga gidan bayi, kuma ku je. Amma akwai wani tsibiri nan kusa, Madelen, ba gida ba kanti, ba mutum ko ɗaya da ke kwana a kai. Ku je ku ga ikon Allah.”

Daga bakin ruwan Sumbejun ake tashi, wajen kasuwar kifi. Kwale-kwalen masunta jere a kan yashi, dogaye, an yi musu fenti ja da kore da rawaya, wasu ɗauke da sunayen shehunnai. Kafin mu isa inda ake rubuta suna, wani matashi ya tare mu, ya ce shi ne mai jirgi, ya yanka mana kuɗin da ya ninka na gaskiya. Da ƙanena ya ce za mu tambaya tukuna, sai ya hau faɗa da Faransanci yana nuna Kawu da yatsa. Wannan ya ɓata mini rai fiye da kuɗin. Mutum mai furfura, ka nuna shi da yatsa a bainar jama'a? Ko 'yan kamashon Kwangila ta Zariya, duk rashin kunyarsu, sukan ce “Baba, yi haƙuri” kafin su cuce ka. Wani dattijo mai gyaran koma ne ya taso ya kore shi, ya raka mu har wajen ma'aikatan da ke kula da tsibirin, aka karɓi kuɗin shiga da na jirgi da na ɗan jagora, aka ba kowa rigar ceto.

Kawu ya ɗaure tasa a kan babbar riga, ya dubi teku ya ce, “Yaro, ruwa fa ba sa'an kwando ba ne.” Tafiyar kusan kilomita 4 ce, ba ta kai rabin sa'a ba, amma igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke har salati ya gagari ƙirgawa. Shiga tsibirin ita ce abin kallo. Duk kewayensa baƙin dutse ne a tsaye, irin wanda aman wuta ya bari, sai wata 'yar kafa siririya tsakanin duwatsu biyu. Matuƙin ya rage wutar inji, ya tsaya yana kallon ruwa, leɓensa na motsi. Igiya ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, bai motsa ba. Can sai ya murɗa inji gaba ɗaya, muka shige a bayan wata igiya, kafin ka ce kwabo muna cikin wani tafki lafiyayye, ana ganin ƙananan kifaye har ƙasa. Yaron nan bai fi sa'an ƙanena ba, amma na girmama shi.

Tun 1976 gwamnatin Senegal ta mai da wurin gandun ƙasa, kuma yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, hekta 45 ne. Babban tsibirin, wanda ake sauka a kai, sunansa Sarpan. Ba rijiya, ba ƙorama, ba inuwar kirki. Ruwan da ka zo da shi shi ne ruwanka.

Abin da ya tsayar da ni cak shi ne kukoki. Na tashi ina ganin kuka, na san sai an hau ko an sa ƙugiya kafin a samu ganye. Nan kuwa iskar teku ta hana su miƙewa. Gindin ƙato, hannu biyu ba sa zagaye shi, amma maimakon ya yi sama sai ya kwanta, rassan suka bazu a ƙasa suna rarrafe a kan dutse, wasu ko kafaɗata ba su kai ba. Na shafa ɓawon, santsi da sheƙi irin na kukar gida sak. Kawu ya daɗe a tsugune yana tasbihi, sannan ya tambayi ɗan jagora ko zai ɗan tsinki ganye ya kai wa iyali su ga kukar teku. Mutumin ya girgiza kai cikin ladabi, ya ce ko tsakuwa ba a fita da ita daga nan. Kawu ya ce, “Ka yi gaskiya, ɗana,” ya sake reshen.

Sai tsuntsaye. Akwai baƙaƙe masu nutso su kamo kifi, sun yi wa duwatsu fari fat da kashi, warin kuwa sai ka toshe hanci. Akwai kuma wani fari mai jan baki, wutsiyarsa siririya doguwa kamar zare, wanda a ramukan dutse yake ƙwai. Ɗan jagora ya sa muka leƙa wani rami daga nesa, ga uwa kwance tana kallonmu ba ta ko razana ba. A gida da tuni wani yaro ya ɗauko danƙo.

Can sama akwai kangon wani ɗaki na dutse da ba a ƙarasa ba. Labarin da ake bayarwa shi ne wani Bafaranshe mai suna Lakwam ya so ya zauna a nan, abin da ya gina da rana sai ya tarar ya rushe da safe. Lebu, masuntan da suke asalin mutanen Dakar, sun ce tsibirin mazaunin aljanin da ke tsaron garinsu ne, kuma ba ya son maƙwabci. Ni dai na san akwai aljanu, Alƙur'ani ya faɗa, amma yanka ko roƙo ga wanin Allah ba na tare da shi, kuma wurin da ba ruwan sha ba ya buƙatar aljani kafin ya kori mutum. Sai dai na ga abu ɗaya da idona: tsoron da mutane ke yi wa wurin da dokar gwamnati sun haɗu sun tsare shi. Na ga ɗan jagoranmu ya sunkuya ya ɗauki murfin gora ɗaya ya sa a aljihu. Raina ya tafi dutsen Kufena na Zariya, yadda muke hawa yawon sallah mu bar leda da robar ruwa a kowane lungu, da yadda ake sare itatuwa a karkararmu ana gawayi ba mai cewa uffan. Mu ma muna da abin nunawa, riƙon ne ba mu yi. Ba wai su ma sun tsira ba, domin bakin ruwan Sumbejun kansa shara ce jibge.

Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan teku. Tun ina yaro a zaure aka karantar da mu hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, amma sai ranar na aikata shi, gishiri na yi mini zafi a ido. Muka fuskanci gabas, wato wajen birnin, muka yi ƙasaru a kan dutse. Daga nan ana hango tsaunuka biyu na Mamel, ɗaya da hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ɗaya da ƙaton gunkin tagulla mai tsawon mita 49 da aka buɗe a 2010 zamanin Abdullahi Wad. Turawan da muka zo tare sun shiga wanka a tafki da shigar da ta sa muka koma bayan dutse muka ci burodinmu da kifin gwangwani.

Maganar tsada kuwa, Dakar ba garin talaka ba ne, balle mai riƙe da naira. Duk abin da za ka saya, ka juya kuɗin a ka sai gabanka ya faɗi. Gorar ruwa, tasi, ɗakin kwana, komai. Kifi kaɗai na ga ya yi araha: da yamma da muka dawo, wata mata ta sa mana wani ƙato sefa 4,000, ƙanena ya yi ta ciniki da yatsu har ta sallama a 2,500, aka gasa mana nan take da albasa da lemun tsami. Tasi ba a shiga sai an yi ciniki, kuma kada ka fara ba ka yi gaisuwa ba, don a wajen gaisuwa sun kusa fin mu tsawo.

Gore mun je daga baya, cike da jama'a da masu talla. Mai masaukinmu ya raka mu har mota, ya cusa wa Kawu ƙunshin kilishi. Jirgi ya yi jinkiri, muka sauka Abuja cikin dare, muka kwana, da safe muka kamo hanyar Kaduna, la'asar ta yi mana a Tudun Wada.