Godiya ga Anti, bayan gwajin ƙarshe na ɗana

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, a makon nan aka yi wa ɗana gwajin ƙarshe, wanda ake yi wa yaro in ya cika wata 18, aka tabbatar ba ya ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Ni mahaifiyarsa ina ɗauke da ita. A cikina ya kwanta, nonona ya sha har ya haura shekara, kuma Allah Ya kare shi. Ba zan faɗi sunana ba, kun san dalili. Maigidana ya karanta wannan saƙo kafin in tura, ya ce in tura.

A wurin awo na sani. Mijina na fari ya rasu bayan doguwar jinya, wasu na cewa taifot, wasu na cewa sammu, ba wanda ya kawo zancen gwaji. Na sake aure tun kafin gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, don haka ba wanda ya tambaye mu takarda. Ina goyon bayan dokar nan, amma ina roƙon masu ɗaura aure su riƙe sirrin abin da suka gani, domin takardar gwaji ba ta karantawa ba ce a zaure.

Ranar da nas ta gaya min, kunnena ya toshe. Abin da kawai nake iya tunawa shi ne wata mata da aka kira daga ɗakin gefe, ba ta sanye da farin kaya, hijabi ne da ita irin na kowa. Ta zauna kusa da ni, ba ta yi min wa'azi ba. Jakarta ta zuge, ta fito da robar magani ta ajiye a cinyata, ta ce: "Ƙanwata, wannan nawa ne. Tun kafin ki yi auren fari nake sha. 'Ya'yana suna makaranta, ba wanda ya ɗauka." Ita ce matar da nake kira Anti, kuma ita da kanta ta yarje min in faɗi wannan. Tana cikin matan da ke ɗauke da cutar, waɗanda aka horar su riƙa bibiyar masu juna biyu tun daga awo har a yaye yaro. Don ita na zauna rubutun nan.

Tambayar farko da ta yi min ba ta magani ba ce. Cewa ta yi, "Wa ke taɓa wayarki?" Na ce ƙannen maigida kan ara su kira, yaran maƙwabta kan yi wasa da ita. Ta ce to, kada in ajiye lambarta da sunan asibiti. Muka sa "Anti Mai Turare", kuma da gaske in za ta zo gida da turaren wuta take zuwa a leda, har surukata ta zama mai sayen kayanta. Sannan muka shirya yarenmu. Bayan sallar isha za ta turo tes: "Kin rufe kaji?" In na sha magani, sai in yi mata filashin sau ɗaya. In da matsala, sau biyu, ita za ta kira don kada katina ya ƙare. Duk wanda ya ɗauki wayar, zancen kaji zai gani.

Asibiti ma na turo saƙon tunatarwa in ranar karɓar magani ta kusa, kuma ban raina shi ba, ya yi amfani. Sai dai na'ura ba ta san cewa yau an yi rasuwa a gidanku ba, kina kwance cikin mata goma a ɗaki ɗaya, babu inda za ki buɗe roba ba a ji ƙarar ƙwaya ba. Anti ta san wannan. Ita ta ce in riƙa cire na daren in ƙulle a ɗan ƙyalle tun da rana, in sha in na fita alwala.

Maganin da ake ba mu, TLD, ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin magani uku, kuma kyauta ne. Da jin haka sai mutum ya ce ai da sauƙi. Sauƙin yana ga wanda bai yi laulayi ba. Akwai daren da na sha ya dawo, na yi filashin biyu jikina na rawa, ta kira ta tambaye ni ko na ga ƙwayar a cikin aman, sannan ta haɗa ni da nas a waya, ba ta yanke hukunci da ka ba. Ita ta lura kuma ina haɗa shi da maganin ƙarin jini na awo a cikin da babu abinci. Ta ce sinadarin ƙarfe da ke ciki yana riƙe ɗaya daga magungunan uku ya hana jiki zuƙarsa yadda ya kamata, don haka ko in haɗa su da abinci, ko in raba lokacinsu. Muka mayar da na jini safe, wancan dare. Ƙila an faɗa a asibiti, amma a layin awo wa ke jin komai?

Gaya wa maigida ya fi komai nauyi. Anti ba ta matsa min ba, ba ta kuma bar zancen ya mutu ba. Ranar da na shirya, ta ce in kawo shi a yi mana bayani tare. Aka gwada shi, ba ya ɗauke da ita. Ya yi shiru mai tsawo, ni kuwa na riga na gama lissafin kayan da zan kwashe. Da ya buɗe baki sai ya tambayi likita, "Yaron fa?" Aka ce masa in ba a yi komai ba, cikin jarirai 100 da irina ke haifa, 15 zuwa 45 kan ɗauka, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono, amma in uwa ta riƙe magani, abin kan sauko ƙasa da 5. Aka ce masa kuma in ƙwayar ta kwanta har gwajin jini ya daina ganinta, mace ba ta sa wa mijinta. Daga ranar shi ya saita ƙararrawa a tasa wayar. Baban yaro, na san ba ka son a yabe ka a gaban mutane. Allah Ya saka maka da alheri, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa min.

Inda aka yi gumurzu shi ne wankan gida. Haihuwar fari ce, dole in tafi ƙauyenmu in yi arba'in, kuma a gidanmu ba wanda ya sani. Anti ta tsaya aka ba ni maganin wata uku kafin tafiya, da ruwan maganin jariri, nevirapine, wanda ake ɗura masa kullum har mako shida. Ta zaunar da ni da ɗan sirinji maras allura, tana zuƙo ruwa ina zuƙowa, har hannuna ya daina wuce layin. A ƙauye gwaggona ce ke yi min wanka, idonta kuwa ba ya barin komai. Na ce mata maganin ƙarin lafiya ne daga asibiti, ta taɓe baki ta ƙyale. Rikicin ruwa ne ba ta ƙyale ba. An ce min nono zalla har wata shida, ko ɗigon ruwa kada a ba shi, domin gauraya nono da wani abu a watannin farko na ƙara haɗarin ɗauka. Gwaggo kuwa ta rantse ba za ta zuba ido a kashe mata jika da ƙishirwa ba. Sabis a garinmu sai an je bakin firamare. Na lallaba na yi filashin biyu, Anti ta ce in kai wa gwaggo wayar da yamma in sabis ya ɗan shigo. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Na dai ji Anti ta fara da "Gwaggo, ina wuni, ya mai jego," suka jima suna zancen kunun kanwa da zafin ruwan wanka, sannan a hankali ta shigo da cewa nono ai mafi yawansa ruwa ne, a ba uwar ta sha, yaro zai samu. Ba ta ambaci cuta ko sau ɗaya ba. Washegari gwaggo ta dire min tulu a gefen gado. Gwaggo, har yau ba ki san abin da kika taimaka a kai ba, na gode.

A mako shida aka tsaga diddigensa aka ɗiga jini a kan wata takarda, aka aika ɗakin gwaji, aka kuma fara ba shi Septrin, maganin kare shi daga wasu cututtuka. Gwajin jarirai daban ne, ƙwayar kanta ake nema, domin garkuwar da uwa ta ba ɗa takan zauna a jininsa har wajen wata 18, ta sa gwajin manya ya nuna akwai alhali babu. Sakamakon ya ɗauki makonni. Ta waya ya iso, Anti na faɗa tana dariya ina kuka.

Sai watan Janairun 2025, yaro na wata shida yana tsaka da shan nono, aka wayi gari da labarin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje. Kowa a cikinmu ya san yawancin maganinmu ta PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da HIV, da asusun tallafin lafiya na duniya, Global Fund, yake zuwa. A zauren WhatsApp na ƙungiyarmu ta mata masu ɗauke da cutar, hankali ya tashi. Wata ta ce a riƙa raba ƙwaya biyu, wata ta ce a sha yau a tsallake gobe don ta kai mu. Anti da abokan aikinta an ce su zauna a gida, ɗan alawus ɗin da kuɗin katin da ake ba su sun tsaya. Duk da haka tes ɗin kaji bai fasa zuwa ba. Da kuɗin turarenta take sa kati. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana cewa kada wadda ta raba ƙwaya, domin rabin magani ba ya kwantar da cutar, sai dai ya koya mata jure masa. Ta kan leƙa asibiti da kanta ta ga ko akwai magani, sannan ta kira ta ce ku zo. Daga baya aka sassauta dakatarwar ga magungunan ceton rai, a watan Fabrairu kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Mun gode. Amma ina roƙon NACA, hukumar yaƙi da HIV ta ƙasa, da gwamnatocin jihohi, in ana lissafin kwalayen magani a riƙa sa masu bibiyar nan a ciki. Binciken ƙasa na 2018 ya ce mu kusan miliyan 1.9 ne a Najeriya. Ba kowa ke da mijin da zai saita ƙararrawa ba, kuma bai dace aikin da ya kai wannan nauyi ya dogara ga cinikin turare ba.

Da muka yaye shi ya ɗan haura shekara bisa shawarar asibiti, mata suka yi ta tsokanata wai ko kwanika na yi. Na bar su a haka, ya fi min sauƙi.

Ina godiya ga nas-nas na ɗakin awo da ungozomar da ta karɓi haihuwata ba tare da ta canja fuska ba bayan ta duba katina. Ina godiya ga mai ba da magani, wanda yakan juye min shi a baƙar leda tun ban roƙa ba, da ma'aikatan ɗakin gwaji da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ina godiya ga yaron shagon caji da ke ba ni bashi in an ɗauke wuta, bai san me wayar ke riƙe da shi ba. 'Yan uwana na ƙungiya, wadda ke jiran sakamakon ɗanta a cikinku, Allah Ya faranta mata. Waɗanda nasu ya zo da akasi, ban manta da ku ba, akwai maganin yara, kuma muna tare.

Anti, yabon gwani ya zama dole. Kin ce in daina gode miki, aikinki ne. To ai an dakatar da aikin, ba ki daina ba. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya miki zuri'a, Ya jiƙan mahaifanki, Ya kai ki Makka. Kin tambaye ni ko zan iya zama da sababbin masu awo ranar da suka yi miki yawa. Na yi shawara da maigida, ya amince. Ki sa sunana.