Shinkafa da Waken 'Yar Gana a Fagge

A Aboabo, cikin zangon Kumasi, aka haife ni. Fataucin goro ne ya kai kakana can daga ƙasar Kano, shi ya sa da aure ya kawo ni Fagge gani nake gida na dawo. Ashe da sauran rina a kaba. Ina buɗe baki facalolina suka fara ƙunshe dariya, don Hausarmu ta zango ba ruwanta da raba mace da namiji, sai ka ji na ce "Hajiya ya dawo". Harshe dai bai daɗe ba ya miƙe. Tukunya ce ta daɗe tana tona asirin baƙuntata.

Kanawa da garau-garau sai Allah: shinkafa da wake, mai da yaji, a yanka tumatir da albasa, shi ke nan. Tamu ta Gana, wadda ake kira waakye, ja ce jawur. Da karan dafi da 'yar kanwa ake dafa ta, a ci da taliya, garin rogo, dafaffen ƙwai, ganda, da shito, wato yajin da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande har sai ya yi baƙi. Matan zango ne suka yi suna wajen sayar da ita, tun sassafe za ka ga layi a gabansu.

Ranar da na ce maigida ya sayo mini karan dafi, surukata ta ɗago kai ta ce, "'Yar nan, jininki ne ya yi ƙasa?"

Na ce, "A'a Hajiya, girki zan yi."

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Abin da ake rina fata da shi?"

Gaskiyarta. A nan, in ba jiƙa shi aka yi don ƙarin jini ba, to a hannun dukawa yake, suna fitar da jar fatar akuyar nan da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa na saye da sunan fatar Maroko. Maganar tata ce ta sa na matsa sai da aka kai ni kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, na ga titimi da takalma da kube, launinsu ɗaya da abin da ke tafasa a tukunyata.

Daga nan muka biya karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa da baba da toka. Na tuna da Bonwire, garin masaƙan kente kusa da Kumasi. Can har yau samari na zama a masaƙa, saboda mutumin Gana ba ya biki ko bikin kammala karatu bai yafa kente ba. Nan kuwa rijiyoyi da dama a bushe na gan su, Kantin Kwari kuma cike da yadin Sin. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya saƙar kente da hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a zama ɗaya. Na yi murna ta ɓangare biyu, amma a ganina dawakai ba su rasa 'yan kallo ba, marina ne ke neman mai saye.

Dara kuwa ta dattawa ce a ƙofar gida, mace sai dai ta hango ta wuce. Sai na haƙa gurabe 12 a tsakar gida, na tara ƙwallon dabino 48, na koya wa yaran gidan wasanmu na Gana, oware, wanda Yarbawan Sabon Gari ke kira ayo. Yanzu su ke cinye ni.

Ranar Asabar nake dafa waakye ta sayarwa, almajirin gidan ya kai wa 'yan kasuwa a kuloli. Hajiya da ta riƙe haɓa ita ke fara aiko da kwano, sai dai ta ce a rage mata "baƙin yajin nan". Jatan lande ya yi tsada a kasuwar Sabon Gari, don haka na koma ƙara daddawa a shito. Ban dai gaya wa mahaifiyata a waya ba tukuna.