Wasiƙa daga Kumasi: Yadda Ghana ta gyara zaɓenta tun daga rumfa

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Gombe. Muna gaishe ku daga zangon Kumasi, da fatan kuna lafiya.

Duk lokacin da aka yi zaɓe a Ghana, sai mu ji ana cewa a gida ai su Allah Ya ba su 'yan siyasa masu kunya. Wannan magana tana damunmu, domin tana sa mutum ya naɗe hannu. Ghana ta sha wuyar da muka sha, wani wurin ma har ta fi mu.

Ta sami 'yancin kai daga Ingila ranar 6 ga Maris 1957 a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. Shekara guda bayan haka aka kafa dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba, kuma a kurkukun Nsawam jagoran adawa J.B. Danquah ya rasu a 1965. A 1964 an yi ƙuri'ar raba gardama aka mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, aka ce sama da kashi 99 cikin ɗari sun amince. Soja suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, 'yan makonni bayan an kashe Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna. Gwamnatin Busia, wadda ta kori baƙi a 1969 har da dangin wasunmu, ta faɗi a 1972. Ta Hilla Limann kuwa, hafsan soja Jerry Rawlings ya tuntsurar da ita ranar 31 ga Disamba 1981.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne 1992. Rawlings ya tuɓe kaki ya tsaya takara, aka ce ya ci da kusan kashi 58. 'Yan adawa suka ce maguɗi ne: rajistar masu zaɓe ta tsufa kuma ta kumbura, babu katin shaida mai hoto, akwatin kuma ba a ganin cikinsa. Suka ƙaurace wa zaɓen majalisa, jam'iyyar Rawlings, wato NDC, ta kwashe kujeru 189 cikin 200. Ƙauracewar ba ta amfane su da komai ba a majalisa, kuma sun gane haka da wuri.

A 1994 hukumar zaɓe, ƙarƙashin Dakta Kwadwo Afari-Gyan, ta buɗe zama na musamman da jam'iyyu, wato IPAC, inda kowa zai kawo kokensa a tattauna a teburi ɗaya. Abin da ya fito daga zaman ƙananan abubuwa ne a ido, amma su suka riƙe ƙasar. A 1995 aka jefar da tsohuwar rajista aka yi sabuwa, ejan-ejan na jam'iyyu suna zaune a wurin rajistar suna gani. Aka fara ba da kati mai hoto. Aka kawo akwati garai-garai. Aka haɗa zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa a rana ɗaya, 7 ga Disamba, don kada sakamakon farko ya kashe wa wani ɓangare gwiwa ko ya ja mutane zuwa bayan wanda ya ci.

Ga yadda ranar zaɓe take tafiya. Ana buɗe rumfa da ƙarfe bakwai na safe. Malamin zaɓe zai ɗaga akwati kowa ya ga babu komai, a rufe da hatimi mai lamba, jam'iyya ma tana iya ƙara nata. Takardun ƙuri'a a ɗaure suke kamar littafi, da lambobi a jere, kuma ejan mai hankali yana rubuta lambar farko da ta ƙarshe kafin a yagi ko ɗaya. Ana buga tambari a bayan kowace ƙuri'a. Wadda babu tambari ba a lissafa ta. Da ƙarfe biyar a rufe layi, a juye akwatin a kan tebur a fili, a ƙirga da babbar murya. Daga nan sai takardar sakamako mai ruwan hoda: ƙuri'u nawa aka kawo, nawa aka bayar, nawa suka rage, nawa suka lalace, nawa kowane ɗan takara ya samu. Dole lissafin ya haɗu. Malamin zaɓe ya sa hannu, ejan-ejan su sa, kowa ya tafi da kwafinsa.

Wannan takarda ita ce ta tsaya gaban Kotun Ƙoli bayan zaɓen 2012. Nana Akufo-Addo ya ƙalubalanci nasarar John Mahama, aka yi kusan wata takwas ana shari'a, ana nunawa kai tsaye a talabijin, alƙalai tara suna duba takardu dubbai. Ƙorafe-ƙorafen sun haɗa da aringizon ƙuri'u, da jefa ƙuri'a ba tare da na'ura ta tantance mutum ba, da takardun da malamin zaɓe bai sa wa hannu ba. Da yawa daga kurakuran na gajiya ne da rashin horo: dare ya yi, haske ya yi ƙasa, aka rubuta lamba a gidan da ba nata ba, ejan kuma ya sa hannu bai karanta ba. Kotu ta yi watsi da ƙarar ranar 29 ga Agusta 2013, Akufo-Addo ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa.

Da jam'iyya ke riƙe da kwafin kowace rumfa, tana sanin matsayinta kafin hukuma ta yi magana. Shi ya sa a 2008, da tazarar ba ta wuce ƙuri'a dubu arba'in da 'yan kai ba, har sai da mazaɓar Tain ta yi nata zaɓen ranar 2 ga Janairu 2009, jam'iyya mai mulki ta miƙa wa ɗan takarar adawa Atta Mills mulki. Shi ya sa kuma Dakta Mahamudu Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki a lokacin, ya amsa shan kaye washegarin zaɓen 2024, tun hukuma ba ta sanar ba.

Kada a ɗauka babu tabo. An zubar da jini a wurin tattara sakamako na Techiman ta Kudu a 2020. Su ma suna da irin 'yan kalarensu, har sai da aka yi dokar haramta su a 2019. Sayen ƙuri'a a zaɓen fid da gwani ya yi muni, kuma har yau shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin gundumomi.

A gida kuwa, "a kasa, a tsare, a raka" ba baƙuwar magana ba ce, sai dai tsarewar tana buƙatar ilimi. Gombe na da ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114, kuma kowace rumfa tana da takardar sakamako, wato EC8A. Muna roƙon shugabannin jam'iyyu, kowace iri, su daina ɗaukar ejan ana jibi zaɓe. A zaɓi wanda ya iya karatu da lissafi, ɗan unguwar da ya san fuskokin mutanensa, a ba shi horo da takardar gwaji, a biya shi haƙƙinsa da abincinsa tun da safe, domin ejan mai jin yunwa shi ake fara saye. Ya zo da biro biyu da tocila da waya mai caji. Ya duba adadin da na'urar BVAS ta tantance kafin a fara ƙirga, don in ƙuri'u suka haura wannan adadi, sakamakon rumfar zai iya rushewa. Ya ɗauki hoton takardar bayan an sa hannu da tambari, ya tura wa ofishin jam'iyya nan take, sannan ya bi malamin zaɓe har cibiyar gunduma. Masu ƙara kwana 21 kacal suke da shi su shigar da takardunsu, kuma wanda bai tara kwafinsa a daren zaɓe ba, da wuya ya tara su a cikin waɗannan kwanaki.

A gaida mutanen Jekadafari da Pantami da Kumo da Bajoga.

Wassalam,
'Yan uwanku 'yan Gombe mazauna Kumasi