Yadda na koma alwala da buta ɗaya

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada a nan Zariya, kuma an yi lokacin da jarka guda ta ɗan ga-ruwa ba ta isata alwalar wuni ɗaya. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ruwa ba abin wasa ba ne a wurinmu. Amma haka zan tsuguna a bakin kwata da asuba, cikin tsakiyar hunturu, in wanke fuska, in kai hannu, sai wani abu ya ce mini: anya ruwan nan ya kai gefen kunne? In koma farko. In zo ƙafa, ya ce: ka yi niyya kuwa? In sake komawa. Liman ya tayar, ya sallame, mutane su fito suna gaisawa, ni ina nan riƙe da buta ta huɗu. Bayan hannuna ya daddare har yana tsattsafo da jini, in na kama yadi mai santsi sai kaushin ya riƙa jan zarensa.

Da fari na zaci tsoron Allah ne ya ƙaru mini. Maƙwabta ma haka suka ɗauka, har ana cewa wane akwai tsantseni. Ni kaɗai na san babu wani daɗin ibada a ciki, sai fargaba.

Wahalar alwala ashe somin taɓi ce. Bayan an haifi 'yarmu ta fari, wata rana ina kan keke ina ɗinki, sai kalmar saki ta faɗo mini a rai. Babu abin da ya haɗa ni da matata, ko cacar baki ba mu yi ba. Nan take tambaya ta biyo baya: anya leɓenka bai motsa ba? Ƙarar keke ce ta hana ka ji. Na ɗauke ƙafa daga kan keken, gumi ya keto mini. Daga ranar na shiga tsoron bakina. Na daina ce wa yaron shagona ya saki zare, sai in ce ya sassauta. Har saƙi, tufar nan tamu ta gargajiya, na kasa kiran sunansa. In dattijo ya kawo a yi masa riga, sai in ce "wannan yadin". Da dare in kwanta nesa da matata ina lissafin ko har yanzu halal ce gare ni. Ita kuwa tana zaton wani laifi ta yi.

Sai na shiga bin malamai. Na je cikin birni, na je Sabon Gari, na hau mota har Samaru. Kowanne ya saurare ni ya ce aurenka na nan daram, aure yaƙini ne, shakka ba ta rushe shi. In fito zuciyata wasai. Kafin mota ta kawo ni Kwangila, abin ya dawo: anya ka faɗa masa yadda abin ya faru daidai? Ba ka ɓoye wani abu ba? Gobe sai wani malamin. An yi mini ruƙiya, na sha rubutu, na sha habbatussauda da zuma. Ba na raina ko ɗaya, amma kowanne sai ya zama kamar susar ƙaiƙayi, daɗi na ɗan lokaci, ƙurji na ƙara faɗi.

Wani tsohon malami a cikin birni ne ya tsayar da ni, ran da na je masa karo na uku da tambaya ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka karanta Ahalari?" Na ce, "Allah gafarta Malam, tun ina yaro." Ya sa aka miƙo littafin, ya buɗe babin rafkanuwa, ya karanta mini inda aka ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Ya ce, "Hukuncinka daban ne da na sauran mutane. Kowa in ya yi shakka gyarawa yake, kai an ce ka wuce." Ya tuna mini sahabban da suka zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba a ransu, ya tambaye su ko da gaske suna jin haka, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Sannan ya rufe littafin ya ce daga yau ba zai ƙara amsa mini wannan tambayar ba, in je asibitin koyarwa na Shika in ga likita. Na fita ina jin haushinsa. Yau kuwa ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Sai da na yi wata biyu ina ɗari-ɗari, don ina tsoron a gan ni a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a ce tela ya zautu. Ran da na je asibitin koyarwa, likitan bai ko ɗaga gira ba da jin labarina. Ya ce ciwon sananne ne, a asibiti OCD suke kiransa, kuma cikin mutum 100 ana samun 1 zuwa 2 masu shi. Ya ce kusan kowa mugun tunani na gifta masa a rai, ya wuce kamar ƙuda. Mai wannan ciwon shi ne yake kama tunanin ya zaunar da shi yana yi masa shari'a. Ya ce, "Malam, minti ɗaya na ba ka, kada ka tuna farin raƙumi." Wallahi ban ga komai ba a idon zuciyata sai farin raƙumi. Ya ce wani masani a Amurka, Daniel Wegner, ya gwada irin wannan da mutane a 1987, aka ga korar tunani da ƙarfi kiransa ne.

Abin da ya ɗora ni a kai shi ne tunkarar abin tsoron tare da ƙin yin abin da ya saba kwantar mini da hankali, hanyar da ya ce wani masani mai suna Victor Meyer ya fara a Landan a 1966. Da na ji bayanin sai na ga ai maganar Ahalari ce aka mayar aikin yau da gobe. Ya haɗa mini da ƙwaya irin mai daidaita sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwa, ya ce kada in sa ran ganin aikinta sosai kafin mako 8 zuwa 12.

Muka fara da buta. Matata ce ke cika ta, guda ɗaya, ta miƙo mini ta koma ɗaki da jarkar. Ruwa ya ƙare, alwala ta ƙare. Asubar farko na tashi daga bakin kwata ina da tabbacin gwiwar hannuna ta hagu a bushe take. Na tafi masallaci ƙirjina na dukan uku-uku, na bi sahu, na kabbarta, ina ji kamar na tsaya gaban Ubangiji da ƙazanta. Likita ya ce in riƙa auna fargabar daga 0 zuwa 10 ina rubutawa. A bayan littafin awon kwastomomi nake rubutawa. Ranar na sa 9. Kafin in gama shan koko ta sauko 5, ba tare da na sake alwala ba. Wannan ne abin da ban taɓa sani ba cikin shekara uku: ashe tana sauka da kanta. Ban taɓa ba ta dama ba ne.

Waswasin saki ya fi wuya, don babu buta a cikinsa. Matata na fara gaya wa gaskiya, ta yi kuka, ta ce ita duk zatonta aure zan ƙara. Daga nan na mayar da ita malamata, kullum, "Maman Ummi, kin ji na ce wani abu?" Likita ya kira ta ya ce ta daina amsawa. Ran da ta fara ce mini, "Baban Ummi, ka yi haƙuri, an hana ni," na yi zuciya na fita ban ci tuwo ba. Ita ma ba ƙaramin nauyi ta ɗauka ba, tana kallon mijinta cikin azaba, amsar tana bakinta, ta haɗiye.

Akwai kuma maimaicin da ba a gani. Na daina zuwa wurin malamai, amma a cikin kaina ina ta maido da abin da ya faru ina bincike. Har a'uziyya na mayar abin ƙirge, sai na yi sau 7 ba kuskure. Yanzu sau ɗaya nake yi, in ci gaba da ɗinki, tambayar tana rataye ba amsa.

Kuskure na yi shi babba. Da na ji sauƙi bayan wata biyar, na ajiye maganin ban shawarci kowa ba, kuma ya zo daidai da ɗinkin ƙaramar sallah, lokacin da tela ke kwana uku ba barcin kirki. Kafin a sauko daga idi na koma buta uku. Na koma Shika da kunya, aka sake ɗora ni, kuma hawa na biyu bai kai na farko tsayi ba. Tun daga nan, in azumi ya kai 15 nake rufe karɓar ɗinki, ko nawa za a ba ni.

Tunanin bai ƙaura ba. Yakan leƙo, musamman in na gaji ko kuɗin haya ya matso. Makon jiya wani dattijo daga Ƙofar Doka ya kawo tufa a ƙunshe cikin leda, za a yi masa riga ta naɗin sarautar ƙaninsa. Na warware, na shafa, na ce, "Baba, wannan saƙin ai na da ne, a ina ka samo shi?" Cikina ya ɗan murɗa da kalmar ta fita. Na ɗauko tef na ce ya ɗaga hannu in auna.