Yadda "with" ta kunyata ni a gaban 'yan SS2

Ranar Juma'a zan miƙa makullin kabad ɗina, bayan shekara 6 ina koyar da Turanci a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada. An ce in bar wa sababbin malamai 'yar nasiha. To, ga abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

A zangona na farko na rubuta a allo: "My sister is married with a doctor." Ashe mataimakin shugaba na tsaye ta taga. Ya shigo ko sallama babu, ya fizge alli daga hannuna, ya soke "with", ya dangwara "to" a samansa har allin ya karye. Sai ya juya ga yara: "Wannan ne zai kai ku WAEC?" Ajin ya kwashe da dariya. Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, kuskure ne." Ya kaɗe ƙurar hannunsa a kan rajistata ya fice.

Gyaransa daidai ne, ban taɓa musu ba. Idan miji ko mata ake nufi, "married to" ake cewa. Amma dalili fa? Bai faɗa wa yaran ba, balle ni. Sai da na kwana 3 ina fama da ƙamus kafin na kama ɓarawon, ashe ɗan gida ne: "da" ɗinmu na Hausa. Mu da ita kaɗai muke cin kasuwa. Ya bambanta da wane, ya yi kama da wane, yana alfahari da ɗansa, ya dogara da ubansa, ya gaji da jira. Bature kuwa kowace sifa da abokiyar tafiyarta: "different from", "similar to", "proud of", "dependent on", "tired of". Kai kuma ƙwaƙwalwarka "with" take miƙo maka a duk wurin. Wani lokaci ta dace, kamar "angry with him", shi ya sa ake sakin jiki. Abin haushi ma, "married with three children" Turanci ne lafiyayye, wato yana da aure da 'ya'ya uku. Kun ga ke nan abin da na jingina wa yayata.

Na sayi littafi a kasuwar Sabon Gari, na daina rubuta sifa ita kaɗai. Hassan da Hussaini nake rubutawa, da jimla a gefe, in yi ta bita kamar mai hadda. "Good" kaɗai ta cinye shafi guda: "good at" ga gwaninta, "good for" ga amfani, "good to" ga kyautatawa, "good with children" ga wanda ya iya da yara. Ɗalibaina suna laƙaba mini "Malam Good At". Ban hana su ba, tunda sun daina rubuta "good in English".

Sauran darussan gajeru ne: ajiye kwafin makin jarrabawa a gida, kuma ƙamus ba a ba da aronsa. Idan za ka gyara wa malami, ofis na nan, ƙofarsa kuma tana rufuwa.

Makon jiya Yallaɓai ya manna sanarwa a ɗakin malamai, da sa hannunsa da hatimi: "All staff interested on the workshop", alhali "interested in" ake cewa. Na tsaya gabanta da jan biro a aljihu. Malamin lissafi ya zungure ni, ya ce, "Malam, yau ranarka ce." Na zaro biron, na rubuta sunana a layi na 4, na wuce masallaci.