Fom ɗin da na tsara ya sa limamai huɗu suka kwana da yunwa

Wata biyar ke nan da faruwar abin, amma har yau idan na ɗaga kai na ga ƙarfe sha biyun rana sai na tuna da tukwanen nan uku da aka jera a bakin ƙofar cibiyar.

Ina zaune ne a Cyberjaya, kusa da Kuwala Lumfur, inda na zo karatu na kuma riƙa haɗawa da tsara shafukan intanet don rufin asiri. Wani abokin karatuna ne ya haɗa ni da mahaifiyarsa, da nake kira Anti, wadda ke aikin sa-kai a wata ƙaramar cibiyar mabiya addinin Buddha ta mazhabar Terabada. Limamansu 'yan Siri Lanka ne, masu zuwa ibada kuma yawanci 'yan Maleshiya ne masu asalin Sin. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin biyar yana bin wannan addini, ranar Wesak ma, wato bikin tunawa da Buddha, hutu ce ta ƙasa. Sun san ni Musulmi ne tun ranar farko, kuma ba su taɓa sa min taro a lokacin Juma'a ba. Abin da suke so a bayyane yake: shafin da zai jawo matasa da sababbin iyalai, domin tsofaffi ne kawai suka rage masu riƙe da hidimar wurin.

Launi da fasali ba su ba ni wahala ba. Na ɗauko shuɗi da rawaya da ja da fari da ruwan lemo daga tutarsu, wadda aka fara ɗagawa a Kolambo a 1885, na sassauta su don kada su cika ido. Kalmomin Pali, harshen littattafan addininsu, masu ɗigo a ƙarƙashi da layi a sama sun so su ba ni matsala, amma wanda ya sha fama da ƙ da ɗ da ɓ suna rikiɗewa su koma akwatuna ya san maganin wannan. Na zaɓi haruffan Noto aka wuce wurin. Hoton gunkin nan mai tumbi yana dariya da na sa a samfurin farko, Anti ta cire shi cikin minti ɗaya. Ta ce wannan Budai ne, wani malamin ƙasar Sin, ba shi ne Gotama, wato Buddhan da suke bi, ba. Ta kuma hana ni yanke hoton Buddha a wuya ko in ajiye shi can ƙasan shafi. Duk waɗannan an kama su kafin kowa ya gani.

Wanda ba a kama ba shi ne fom ɗin dana.

Dana ita ce sadaka, kuma a wannan cibiya ma'anarta ta yau da kullum ita ce wani gida ya ɗauki nauyin abincin limamai na rana guda. Da can a jikin allo ake rubuta suna da alli, ko a kira Anti a waya. Ni ne na ce a mayar da shi kan shafi, har da alfahari, domin a ganina nan ne za a kama matasan. Na ɗauko wata manhajar WordPress da aka yi wa gidajen abinci masu karɓar ajiyar tebur, na canza mata suna da launi. Manhajar ta zo da lokuta uku: safe, rana, dare. Na bar su yadda suke. Kuma na saita ta yadda da zarar wani ya zaɓi kowane lokaci, ranar gaba ɗaya za ta koma ja, alamar an ɗauka.

Ban san cewa limamin Terabada ba ya cin abinci daga tsakar rana har wayewar garin gobe ba. Ɗaya ce daga cikin dokoki 227 da suke rayuwa a kansu. Ba ya kuma kai hannu ga abincin da ba a miƙa masa ba, ko da yana ajiye a gabansa. Abin da na yi daidai yake da a ba wani aikin jadawalin ciyarwar azumi a masallaci ya rubuta buɗa-baki ƙarfe biyun rana. Duk yaron da ya tashi a cikinsu ya san wannan, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa min. 'Yan kwamitin da suka duba shafin a waya suka duba, suka ga kalanda ta yi kyau, ba wanda ya latsa har ciki ya ga jerin lokutan.

Mako na biyu da buɗe shafin, wani matashi da matarsa, waɗanda ba su taɓa shiga irin wannan wuri ba, suka zaɓi ranar Talata, ƙarfe bakwai na dare, don su yi sadaka ga mahaifinsa da ya rasu. Su ne ainihin mutanen da aka yi shafin dominsu. Masu girkin cibiyar suka ga ranar ta yi ja, suka yi zamansu a gida. Ƙarfe sha ɗaya limamai huɗu suka fito suka zauna da akusansu. Ba wanda ya zo. Ba su tambaya ba, ba su aika a kira kowa ba. Kafin mai shara ya ankara ya garzaya kasuwa ya dawo, lokaci ya fita. Babbansu ya haura shekara saba'in, kuma ɗan kunun shinkafar safe ne kawai a cikinsa har washegari.

Da magariba ma'auratan suka iso da tukwane uku. Anti ce ta tare su ta yi musu bayani, kuma matar ta fashe da kuka a wurin. Ni kuwa sai bayan isha'i wayata ta yi ƙara. "Ɗana, gobe da safe ka zo, ka taho da kwamfutarka." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ban runtsa ba daren nan.

Na je ina jiran faɗa. Na durƙusa gaban babban limamin na kira shi yadda suke kiran limamansu, na ce, "Bante, laifina ne, ni na bar lokacin dare a fom ɗin." Dattijon ya ce ba komai, yini ɗaya ne. Abin da ya dame shi ma'auratan ne, kada kunya ta hana su dawowa. Wannan ya fi min zafi fiye da a ce ya daka min tsawa.

Gyaran bai kai awa biyu ba, abin da ya ƙara min takaici ke nan. Na goge dare, na bar bakwai na safe da sha ɗaya na rana, kowanne da akwatinsa daban, don ɗaukar ɗaya kada ya rufe ɗayan. A saman fom na rubuta layi biyu masu bayyana dalilin lokacin, da yawan mutanen da za a dafa wa. Na sa duk wanda ya cika fom a tura wa Anti saƙo ta tabbatar da bakinta kafin ranar ta canza launi. Daga nan na roƙi izini na yi kwana uku ina zama a wurin daga safe zuwa azahar, abin da ya kamata in yi kafin in buɗe kwamfuta. A zaman nan na gano wani ramin da ke jirana: maɓallin ba da gudummawa ta DuitNow, hanyar tura kuɗi ta waya a Maleshiya, da na manna a ƙarƙashin hoton kowane limami. Limaman ba sa karɓar kuɗi, kwamitin mabiya ne ke riƙe asusu, don haka na kwashe maɓallan na mayar da su shafin kwamiti. Na kuma daina barin manhaja ta ƙirga ranakun cikar wata da na bikin Katina, wanda ake yi bayan zaman damina na wata uku da limamai ke yi. Yanzu kwamiti ne ke ba ni ranakun a rubuce, ni kuma in shigar da hannu.

Idan aka ba ka irin wannan aiki na mutanen da ba addininku ɗaya ba, kada ka tsaya a tambayar me suke so shafin ya ƙunsa. Ka sa wani ya ba ka labarin yininsu tun daga farkawa har kwanciya, kana rubuta lokuta. Sannan ka nemo baƙon da bai san komai ba ya cika kowane fom a gabanka har ƙarshe, domin ɗan gida ba zai taɓa latsa ƙarfe bakwai na dare ba, balle ya gane akwai shi.

Kalandar tana cika yanzu, kusan makonni uku gaba, kuma akwai sunayen da Anti ba ta sani ba a ciki. Ma'auratan nan sun dawo bayan wata ɗaya. Ita ta kira su da kanta ta ba su ranar Lahadi, ƙarfe sha ɗaya, ta kuma ce in zo in taya su sauke tukwane daga mota, na je.