Kek mai siffar bakin teku: ruwa, yashi da bishiyar kwakwa

Saman wannan kek ɗin kashi biyu ne, gefe guda shuɗin ruwa, ɗaya gefen yashi. Yashin ba ya ba da wahala. Ruwan ne ke ɓata wa mutane aiki.

Ki buga bota giram 250 da sukari giram 250 har su yi fari su yi laushi, ki fasa ƙwai 4 ɗaya bayan ɗaya. Ki tankaɗe fulawa giram 300 da bekin foda ƙaramin cokali 3, ki riƙa zubawa kina sirkawa da madarar kwakwa mililita 120. Ki raba kwaɓin a gwangwani biyu masu faɗin santimita 20, ki gasa a zafin digiri 175 na ma'aunin Celsius na minti 25 zuwa 30, sai tsinke ya fito a bushe. Ki bar shi ya huce sarai, don ko ɗumi kaɗan ya rage zai narkar da kirim.

Kirim ɗin bota giram 250 ne da garin sukarin aisin giram 500 da madara babban cokali 2. A nan ake samun matsala: bota rawaya ce, idan shuɗi ya haɗu da rawaya kore yake komawa. Shi ya sa sai kin buga botar ita kaɗai kamar minti biyar ta yi haske kafin sukari ya shiga. Ki yi amfani da kalar abinci mai kauri, ba ta ruwa ba, domin ta ruwa tana tsinka kirim. Da bakin tsinke ake ɗibarta, kuma kalar tana ƙara duhu in ta jima, kada ki cika hannu.

Ki haɗa kek biyun da kirim a tsakiya, ki shafe jikin da siririn shafi mai kama ɓurɓushi, ki sa a firji minti 30. Sannan ki raba sauran kirim uku: shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske da fari. Mai duhun can nesa da yashi, mai hasken kusa da gaɓa, kamar yadda ruwa ke yin haske inda ba zurfi. Ki danna bayan cokali ki ɗaga, igiyar ruwa za ta fito, ki ɗiga farin a bakin gaɓa ya zama kumfa.

Idan kina son ruwan ya yi sheƙi da jelatin, wato garin da ake narkarwa ya daskare ya zama jeli, kada ɗanyar abarba ko gwanda ta shiga ciki. Suna da sinadarin da ke hana jelatin daskarewa. Abarbar gwangwani ko wadda aka dafa ba ta da wannan illar.

Yashi kuwa biskit ne marar kirim, giram 100, a daka, a gauraya da sukari mai ruwan ƙasa cokali ɗaya. Ki barbaɗa shi dab da kai kek gaban jama'a, in ya kwana a kan kirim zai jiƙe ya dunƙule.

Ganyen bishiyar kwakwa na fondan ne, wato kwaɓaɓɓen sukarin da ake murzawa a yi wa kek ado, a yanka tun jiya, a ɗora kan cokali ya bushe a lanƙwashe. Biskit mai siffar sanda shi ne gangar jikin. Kada fondan ya shiga firji, gumi yake yi kalarsa ta zuba, don haka sai kek ya fito daga firji a kafa bishiyar. Idan kin yi ado da ƙananan laimomin takarda, suna da tsinke mai tsini, ki zare su kafin ki yanka wa yara. Bota tana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 32, saboda haka in a waje za a yi taron, kek ya zauna a firji sai saura rabin awa a yanka.